Ni da Firintar Kawu

Da aka ce kowa ya rubuto abin da ya gani a lokacin hutu, na daɗe ina jinkiri, domin labarin da nake da shi ba mai ƙara mini daraja ba ne. Amma tun da yake abokaina na ɗakin kwana sun riga sun ji rabinsa, watau rabin da na fito jarumi, ya kamata su ji sauran.

A dogon hutu na shekarar 2025 mahaifiyata ta tura ni Funtuwa wurin ƙanenta, don kada in zauna a gida ina gantali. Kawu yana da shago a bakin titi inda ake buga takardu, a yi fotokwafi, a cike wa mutane fom ta intanet. A cikin shagon akwai kwamfutoci uku na tebur, da ƙaramar kwamfutar Kawu irin wadda ake ninkewa, da wata tsohuwar firinta babba wadda kusan duk abincin shagon daga cikinta yake fitowa. Akwai kuma ma'aikaci guda ɗaya wanda ya shekara shida tare da Kawu. Ya girme ni nesa ba kusa ba, saboda haka Yaya nake ce masa. Mutum ne marar yawan magana, amma in ya ɗora yatsunsa yana buga rubutu sai ka ce ruwan sama ne a kan kwano. Matarsa ta haihu ana saura mako biyu in zo. Ni kuwa aikina shi ne shara, da ƙirga shafuka, da sayo ƙosai.

Kwana huɗu da zuwana aka yi ruwa da tsawa cikin dare. Da gari ya waye muka buɗe shago, sai muka tarar rauta ta mutu murus. Ga iyayenmu waɗanda ba su saba da ita ba, rauta wani ɗan akwati ne mai ƙananan fitilu, a wurinta duk na'urorin shago suke haɗuwa, wasu ta waya wasu ta iska, su yi magana da juna, ta wurinta kuma suke fita zuwa intanet. Kawu ya tafi kasuwa ya sayo sabuwa, mai layin waya a ciki da batir nata na kanta. Aka jona wayoyi, nan da nan intanet ya dawo a kan kowace kwamfuta. Sai dai fa firinta ta ƙi. Fitilarta tana ci, takarda na ciki, tawada ba ta ƙare ba, fotokwafi ma tana yi, amma ko an aika mata da aiki daga kwamfuta sai ta yi shiru kamar ba da ita ake ba. Aka kira mai gyara, aka ce ya tafi Kano biki, sai bayan mako guda.

To, a nan ne na shigo. A makarantarmu ina cikin ƙungiyar kwamfuta da ke haɗuwa ranar Asabar, kuma a zangon da ya wuce Malam ya koya mana abin da ake kira adireshin IP. Bari in yi bayaninsa yadda na fahimta, domin in ba haka ba labarin ba zai shiga ba.

Kowace na'ura da ke son a yi magana da ita sai tana da adireshi, kamar yadda wasiƙa ba ta isa gida sai da lambarsa. Adireshin nan lambobi ne kashi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowane kashi daga 0 zuwa 255. A Amurka aka rubuta ƙa'idarsa a 1981, kuma ran 1 ga Janairu 1983 sadarwar da ta haifi intanet ta koma aiki da shi. In aka lissafa, adireshin da wannan tsari zai iya bayarwa duka-duka 4,294,967,296 ne. Ka ji kamar yawa gare su, amma mutanen duniya sun haura biliyan 8 tun 2022, balle a ƙirga na'urorinsu. Ɗaya daga cikin dabarun da aka yi don a tsimi adireshi ita ce keɓe wasu don amfanin cikin gida kawai, kamar yadda aka tabbatar a ƙa'idar 1996: waɗanda suka fara da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, da waɗanda suka fara da 192.168. Shi ya sa in ka leƙa shago ɗari za ka iya tarar da 192.168 a cikin kowanne, ba kuwa a rikice. Kamar dai yadda Kano take da Sabon Gari, Zariya ma take da nata, amma mai neman na Zariya ba ya ɓacewa ya faɗa na Kano.

Hanya biyu na'ura take samun adireshi. Malam ya kwatanta mana su da kasuwar ƙauye. Akwai baƙi masu zuwa ranar kasuwa, su je wurin sarkin kasuwa ya nuna wa kowa inda zai shimfiɗa buhunsa, ya rubuta a littafinsa, aro ne na ɗan lokaci. A cikin rauta akwai irin wannan sarkin kasuwa, sunansa DHCP, tun 1993 aka fito da shi. Kwamfuta ko wayar hannu in ta shigo sai ta yi sallama, ya ara mata adireshi. Akwai kuma masu rumfa ta dindindin, waɗanda ba sa tambayar kowa, domin kullum wurinsu ɗaya. Wannan shi ne kafaffen adireshi, wanda mutum yake rubutawa da hannunsa a cikin na'ura. Firinta irin wannan ake ba ta, gama kowace kwamfuta tana bukatar ta san inda za ta same ta yau da gobe da jibi. Mahauci in yana sauya rumfa kowace safiya, ai masu sayen nama sun shiga uku.

Na roƙi Kawu ya bar ni in duba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ɗan nan, kada ka ƙarasa mini ita." Yaya ne ya sa baki ya ce, "Alhaji, a bar shi ya gwada, ai ba abin da zai rage."

Na zauna gaban kwamfuta ta farko, na buɗe baƙin allon nan da ake ba da umarni, na rubuta ipconfig. Ta nuna mini adireshinta: 192.168.8.101. Na je wurin firinta na danna maɓallanta har ta buga mini takardar bayanin kanta, ga abin da ke jiki: 192.168.1.50. Ko da na jera su biyun sai na ji zuciyata tana bugawa don murna, domin ga ciwon nan ƙuru-ƙuru. A ƙarƙashin kowane adireshi akwai wasu lambobi, 255.255.255.0, waɗanda ma'anarsu ita ce kashi uku na farko sunan unguwa ne, na ƙarshe kuwa lambar gida. Tsohuwar rauta unguwarta 192.168.1 ce, sabuwar kuwa 192.168.8. Kwamfutocin da yake aro suke karɓa, duk sun bi sabon sarkin kasuwa sun yi ƙaura ba tare da kowa ya sani ba. Firinta kaɗai aka bari a kufai tana jiran masu ciniki. Kwamfuta in ta ga adireshin da ba na unguwarta ba ne, ba ta nemansa a cikin gida, sai ta miƙa saƙon ga ƙofar fita, watau ita rautar, ita kuwa ba ta san kowa a unguwa ta 1 ba, sai saƙon ya bi iska.

Gyaran bai ɗauki minti ashirin ba. Na shiga cikin firinta na sauya mata unguwa, na rubuta mata ƙofar fita 192.168.8.1. Da na zo lambar gida sai na tsaya. Abin da ya fi sauƙi shi ne in bar mata 50 ɗinta. Amma duk wanda ya taɓa ganin bokitina ko bargona ya san lambar da aka rubuta a jiki, 105, lambata ce tun ranar da na shigo aji ɗaya. Sai na ce a raina, bari in bar wa shagon nan tambarina. Na rubuta 192.168.8.105. Na ma yi wayo, a ganina, na fara tambaya ko akwai mai wannan lamba, na ji shiru. Sa'an nan na bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya na sanar da su sabon wurin firinta, domin su ma tsohon adireshi ne a rubuce a cikinsu. Na aika da shafi guda. Firinta ta yi gyaran murya, ta ja takarda, ta fito da ita da ɗuminta.

Kai, ranar nan na sha yabo! Kawu ya aika aka sayo tsire, ya kira mahaifiyata a waya ya ce mata kuɗin makaranta bai faɗi a banza ba. Tun daga ranar ya daina ce mini ɗan nan, sai Injiniya. Har mai shayin da ke maƙwabtaka da mu ya ɗauka. Ni kuwa na riƙa tafiya ina jin kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba. Wannan shi ne rabin da abokaina suka ji.

Mako guda komai lafiya lau. Ran nan da rana aka ɗauke wuta, muna zaune muna fifita, sai Kawu ya miƙo mini wayarsa ya ce datarsa ta ƙare, in haɗa masa da intanet na shago. Rautar tana ci da batirinta. Na sa masa kalmar sirri, ta kama, na miƙa masa. Ban sake tunawa da wannan abu ba sai bayan kwana tara.

Washegari ciwon ya soma. A aika da aiki, wani lokaci ya fito, wani lokaci ya maƙale, wani lokaci a buga shafi uku cikin goma ta tsaya cik. A kashe ta a kunna, ta yi aiki na ɗan lokaci ta sake ƙi. Abin ya zo daidai da fitowar sakamakon jarrabawar WAEC a farkon watan Agusta, lokacin da shaguna irin namu suke samun cinikin da ba sa samu a sauran watanni. Ɗalibai da iyayensu suka cika shago har waje, kowa yana so a duba masa a buga masa. Na ga wani dattijo da ya zo da 'yarsa daga ƙauye, ya jira fiye da awa ɗaya, sakamakon yana kan allo yana gani, ta ci darussanta, amma takarda ta ƙi fita. Daga ƙarshe ya karɓi kuɗinsa ya tsallaka titi zuwa shagon da ke kallonmu. Wasu suka bi shi. Kawu yana tsaye a bakin ƙofa yana ƙirga su da ido.

Mun yi duk abin da muka sani. Muka sauya wayar da ta haɗa firinta da rauta. Muka goge manhajar firinta daga kwamfutoci muka sake sawa. Yaya ya buɗe cikinta ya share ƙura. Mai gyara ya dawo daga Kano, ya zo da rana tsaka, ya aika da shafi goma duk suka fito sumul, ya ce lafiyarta ƙalau, ya karɓi kuɗin mai ya tafi. Bayan La'asar ta sake ƙi. Ba wanda ya dubi wajen adireshi, ni ma ban duba ba, domin ai Injiniya ya riga ya gama da wannan.

Abin da ya fi muni shi ne inda zargi ya faɗa. Kawu ya lura in ba ya nan aiki yana tafiya, kuɗi yana shiga, amma da ya dawo ya zauna sai a ce firinta ta ƙi. Sai ya fassara abin ta wata hanya. Ya ɗauka Yaya ne yake wani ƙulli, ko dai yana so a gaji da firintar a sayar masa da ita da araha ya je ya buɗe nasa shagon, ko kuma ya haɗa baki da na tsallaken titi. Ban san wanda ya sa masa wannan a kunne ba. Wata ranar Talata da yamma, a gabana, ya ce masa, "Shekara shida ina riƙe da kai kamar ɗana. In ka gaji da ni ka faɗa mini, ba sai ka kashe mini kasuwa ba. In wata ya ƙare abin nan bai daidaita ba, ka nemi wani wuri."

Yaya bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya sani ban taɓa cin amanarka ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya gama rufe tagogi, ya tura kekensa ya tafi. Na san a gidansa akwai jaririya da ba ta yi arba'in ba.

A daren nan na tuna da abin da malaminmu na kimiyya yake yawan faɗa, cewa kada mu ce abu yana faruwa "wani lokaci", mu rubuta wane lokaci. Na sami tsohon littafin rasit na riƙa rubutawa a bayansa: ƙarfe nawa ta ƙi, ƙarfe nawa ta yarda, akwai wuta ko janareta ne, wace kwamfuta ce ta aika, wa da wa ke cikin shago. Kwana uku ina yi. Wuta ba ta da hannu a ciki, kwamfutocin ma haka. Abu ɗaya ne ya tsaya daram: da safe kafin Kawu ya iso tana aiki, tsakanin Azahar da La'asar in ya tafi gida cin abinci tana aiki, ranar Juma'a da ya tafi masallaci da wuri har ya biya ta wurin ɗaurin aure ta wuni tana aiki. Na nuna wa Yaya. Ya yi ɗan murmushi, na farko a makon nan, ya ce, "To, ko ita ma tsoron Alhaji take ji?"

Ranar Asabar da hantsi Kawu yana zaune a kujerarsa yana duba wayarsa, firinta ta ƙi. Na buɗe baƙin allo na rubuta ping tare da adireshinta. Shi wannan ping sallama ce kawai, ka aika ka ji ko za a amsa. Wani Ba'amurke mai suna Mike Muuss ne ya rubuta shi a 1983, ya ba shi sunan ƙarar da na'urar jirgin ƙarƙashin teku take yi in tana laluben abin da ke gabanta. Na aika, aka amsa. Na sa shi ya yi ta aikawa ba tsayawa, ana ta amsawa. To in tana amsa sallama, me ya hana ta karɓar aiki? Haushi ya kama ni, na miƙa hannu bayan firinta na zare wayarta gaba ɗaya.

Aka ci gaba da amsawa.

Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Ga waya a hannuna, ga firinta a yanke, ga kuma layi bayan layi yana sauka a kan allo, wai 192.168.8.105 ta amsa. Na je na kashe ta daga bango. Ba a fasa ba. Da a ɗakin kwana ne da dare, da na ce aljanu ne na ruga. Sai daga baya hankalina ya dawo, na ce in mai gida ba ya nan kuma ana amsa sallama, ai akwai wani a cikin gidan.

Gano ko wane ne bai yi wuya ba. Ban da adireshin da ake bayarwa, kowace na'ura tana da wata lamba ta jikinta mai harafi da lamba 12, ana ce mata MAC, kamar tsagar gado a fuska. A cikin unguwa ɗaya, kwamfuta in za ta aika da saƙo sai ta yi shela ta ce, wane ne mai lamba kaza? Wanda ya amsa sai ta riƙe tsagarsa ta riƙa miƙa masa. Na rubuta arp -a, ta nuna mini tsagar wanda ya amsa a 105. Na gwada da wadda ke jikin takardar bayanin firinta. Ko kusa ba su yi kama ba. Ashe su biyu ne suke amsa suna ɗaya. In firinta ta riga amsawa, aiki ya fito. In ɗayan ya riga ta, sai a damƙa masa takardun mutane, shi kuwa bai san abin da zai yi da su ba, ya watsar.

Na shiga cikin rautar ta adireshinta, abin da ya kamata in yi tun ranar farko ban yi ba. Ga littafin sarkin kasuwa a buɗe. Kwamfutoci uku, da ƙaramar ta Kawu, da wayar Yaya, sun karɓi 100 zuwa 104. A kan 105 kuwa ga sunan wata waya, irin wadda ke hannun Kawu a daidai wannan lokaci. Sama kaɗan kuma an rubuta filin da rautar take rabawa baƙi: daga 100 zuwa 200.

Na daɗe ina kallon wannan layi. Watau ni da hannuna na je tsakiyar filin baƙi na kafa wa firinta rumfa, ban gaya wa sarkin kasuwa ba. A makon farko baƙi biyar ne kawai, rabo bai kai kanta ba, shi ya sa na ji shiru da na tambaya. Ranar da aka ɗauke wuta firinta tana kashe, baƙo na shida ya yi sallama, sarkin kasuwa ya duba littafinsa ya ga 105 ba kowa, ko da ya leƙa ma ba wanda zai amsa, sai ya ba shi. Wayar hannu kuwa in ta dawo wurin da ta saba, adireshinta na jiya take fara nema, a duba littafi a ga sunanta, a ce bismilla. Saboda haka kullum Kawu ya shigo da waya a aljihu rigima ta tashi, ya fita ta kwanta. Wanda kuma ya sa wa wayar kalmar sirri, ni ne. Lambar 50 da na raina tana waje da filin baƙi, da na bar ta da ba abin da zai faru.

A nan ne fa Shaiɗan ya zo mini da shawara, kuma ba zan ɓoye ba, na saurare shi har dare. Gyaran minti biyar ne. Ina iya yinsa shiru, gobe firinta ta warke, a ce Injiniya ya sake yi, wataƙila har da wani tsiren. Ba wanda ya iya karanta abin da ke kan allon nan sai ni. Na ma gaya wa kaina cewa in ta warke ai Yaya ya tsira da aikinsa, to mene ne amfanin tonon silili? Amma na san Kawu. Zai ce barazanarsa ce ta yi aiki, Yaya ya ji tsoro ya kwance abin da ya ƙulla. Zai bar shi a shago, amma ba zai sake ba shi makulli da zuciya ɗaya ba. Na kwanta a kan tabarma a ɗakin baƙi ina juyi, ina jin Kawu a tsakar gida yana gaya wa matarsa cewa mutum ba abin yarda ba ne. Tuwon daren nan ban san ɗanɗanonsa ba.

Da safe na jira har su biyun suka hallara. Na ce, "Kawu, ina so in nuna maka wani abu, amma don Allah ka bari in kai ƙarshe." Na zare wayar firinta na ajiye a kan tebur a gabansa, na nuna masa allo ana amsawa. Na ce ya kashe intanet na wayarsa. Ya harare ni, ya kashe. Amsa ta tsaya nan take. Na ce ya kunna. Ta dawo. Sai da muka yi haka sau uku, domin shi da kansa ya ce a sake.

Ya ce, "Kana nufin wayata ce take kashe mini kasuwa?"

Na ce, "A'a Kawu, wayarka ba ta da laifi, inda aka nuna mata ta zauna. Ni ne na ba firinta lambar da ba ta kamata ba, don kawai lambata ce ta makaranta. Yaya bai san komai a ciki ba."

Shagon ya yi tsit. Na sunkuyar da kai ina jiran mari, don na san na ci a mare ni. Kawu ya cire hularsa ya shafa kansa ya mayar. Ya yi salati. Sa'an nan ya ce, "Lambarka ta makaranta. Cinikin mako biyu, saboda lambar bokiti." Bai ƙara ce mini komai ba, kuma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na yi gyaran a gabansu. Na mayar da firinta 192.168.8.50, na bi kwamfutoci huɗun na gyara, na sa Kawu ya zauna kusa da ita da wayarsa a kunne muka buga shafi 30 ba tangarɗa. Akwai wata hanyar ma da na gani a cikin rautar, inda za ka ba sarkin kasuwa tsagar firinta ka ce ya ajiye mata lamba ɗaya har abada, kada ya ba kowa. A ganina wannan ta fi, domin komai yana cikin littafi ɗaya, amma a ranar ba ni da ƙarfin halin gwada sabon abu. Na sami farar takarda na rubuta unguwarmu, da ƙofar fita, da filin baƙi daga 100 zuwa 200, da lambar firinta, na manna a bango bayan rauta, don duk wanda zai taɓa wani abu nan gaba ya fara karantawa.

Kawu bai ba Yaya haƙuri da baki ba, a gabana dai. Manya ba su cika yin haka ba. Amma da yamma na ga ya zaro makullin shago na biyu, wanda ya karɓe ranar Talatar nan, ya ajiye a kan teburin Yaya ba tare da ya dube shi ba, ya ce gobe zai je Katsina, a kula da shago. Ranar da jaririyar ta yi arba'in kuma matar Kawu ta tafi gidan da turmin atamfa da sabulu, ni na ɗauki kayan.

Ni ne na rasa inda zan sa kaina a gaban Yaya. Na same shi yana gyara sarƙar kekensa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ƙanena, ai ni na ce a bar ka ka gwada." Ya miƙo mini tsumma ya ce in riƙe masa feda.

Sunan Injiniya dai ya tafi, har wurin mai shayi. Sauran kwanakin hutun Kawu Ɗari da Biyar yake kirana, ko a gaban baƙi, kuma da shi ya kira ni a tasha ranar da zan dawo makaranta, lokacin da ya miƙo mini kuɗin mota ta taga.